Ƙara wa kwamfuta ƙarfi: sha'awar da ke ja da baya daga Tawa zuwa Tebaram

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, tsarin da kwamfutoci da dama ke tafiya a kansa a ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu na jihar Tawa. Windows 11 da ya gaje shi ba ya karɓar tsofaffin na'urori, alhali kuwa da yawa daga cikin kwamfutocin da ke isowa Adar sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a nan. Shekaru 15 baya, labari irin wannan da ya sa samari sun ɗauko turnabis sun kwance na'urar, sun cire wannan sun ƙara wancan, har ta sake tashi. Yau masu wannan sha'awa sun yi ƙaranci, kuma ba a Nijar kaɗai ba.

Abin da ake nufi da ƙara wa kwamfuta ƙarfi

Kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda aka fi kiranta a nan, haɗaka ce ta sassa da kowanne ke da aikinsa, kuma a da kusan dukansu ana iya zare su a sa wasu. Ƙara mata ƙarfi shi ne maye gurbin sashe ɗaya ko biyu da waɗanda suka fi su, maimakon a sayi sabuwa dungurungum.

Sassan da aka fi taɓawa huɗu ne. Akwai ma'ajiyar wucin gadi, RAM, wadda masu gyara ke kira baret da Faransanci saboda siffarta ta ɗan siririn allo. Akwai babbar ma'ajiya, diskidir, inda takardu da hotuna ke kwana ko an kashe na'urar. Akwai furosesa, wanda shi ke yin lissafin kansa. Sai katin hoto, wanda masu wasannin bidiyo da masu haɗa fim suka fi damuwa da shi. Dukansu suna zaune ne bisa babban allon da ake kira kart mer, uwar sauran.

Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin biyun farko ita ce a tuna da manomi. Diskidir shi ne rumbu, RAM kuwa tabarmar da ake shanya abin da aka ɗebo. In tabarmar ƙarama ce, komai girman rumbun, sai mutum ya yi ta kai da kawowa yana ɗebo kaɗan-kaɗan. Wannan kai da kawowar ce mai kwamfuta ke gani idan ya danna abu ya zauna yana jira. Shi ya sa ƙara baret guda kan sauya halin tsohuwar na'ura fiye da duk wata dabara ta goge ta a sake zuba mata Windows, abin da ake kira formate, wanda wasu masu gyara ke yi wa kowace cuta kamar parasetamol.

Inda abin ya samo asali

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta mutum ɗaya, wadda daga gare ta sunan PC ya bazu. Furosesanta na Intel ne, mai gudun megahaz 4.77, kuma mafi arharta tana da RAM na kilobait 16 kacal, abin da ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai ɗauka ba. Muhimmin abu shi ne IBM ya bar ramuka biyar a cikinta don a soka ƙarin katuna, ya kuma buga littafin da ke bayyana yadda aka haɗa ta. Ba da daɗewa ba wasu kamfanoni irin su Compaq suka fara ƙera masu kama da ita, wasu kuma suka koma ƙera sassa kawai. A 1995 Intel ya fito da ma'aunin ATX da ya daidaita girman allo da akwati, ta yadda sashen da aka ƙera a Taiwan zai shiga akwatin da aka ƙera a Sin ba tare da an sa guduma ba.

A lokacin na'urorin na tsufa da sauri. Tun 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa yawan ƙananan sassan da ake iya cusawa cikin guntu ɗaya na ninkawa a kai a kai. Tsakanin Pentium na farko a 1993 da Pentium 4 a 2000, gudun furosesa ya tashi daga megahaz 60 zuwa sama da 1,000. Windows XP na 2001 na iya tashi da RAM na megabait 64, Windows 7 na 2009 kuma na neman gigabait ɗaya. Wanda ya sayi kwamfuta, bayan shekaru biyu ko uku sai ya ga ta gaza. A ƙasashe masu arziki wannan ya haifar da wata sha'awa mai zaman kanta, da mujallunta da shagunanta, inda mutum kan kashe albashinsa don kawai tasa ta fi ta abokinsa gudu.

Yadda ya iso Adar

A Tawa labarin ya ɗan bambanta. Ba a taɓa samun taron masu kuɗi da ke sayen katin hoto don gasa ba. Larura ce ta kawo abin, sha'awa ta biyo baya.

Intanet ta shigo Nijar ne ta hannun Sonitel a ƙarshen shekarun 1990, kuma a shekarun 2000 gidajen siber suka bazu daga Yamai zuwa manyan biranen jihohi. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, wanda ya girka majalisu a ƙananan hukumomi 265, ya sa garuruwa irin su Tebaram, Takanamat, Bambay, Kalfu da Afala suka sami gidan magajin gari mai buƙatar rubuta takardun haihuwa da kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara sun raba kwamfutoci, sau da yawa tsofaffin da ofisoshin Turai suka sallama. A 2008 aka buɗe cibiyar koyon fasaha ta IUT a Tawa, wadda daga baya ta zama jami'ar da a yau ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani. Ɗalibai na buƙatar inda za su buga rahoton ƙarshen karatu, shagunan sezi da fotokofi suka ƙaru.

Hanyoyin shigowar kayan uku ne. Ta farko ita ce tashar ruwa ta Kwatano, inda kwantenoni ke sauke kwamfutocin Dell, HP da Lenovo na hannu. Ta biyu ita ce Najeriya: kasuwar Computer Village ta Ikeja da ta Alaba a Legas, titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, daga nan kaya su bi ta Sakkwato da Illela su shigo Ƙonni. Ta uku kuwa ta mutanen Adar ce ta kansu, wato jakar ɗan ci-rani mai dawowa daga Abijan, Libiya ko Aljeriya da tsarabar ƙane ko ɗa. Mai ido na iya gane hanyar da na'ura ta biyo daga allon rubutunta: in haruffan farko AZERTY ne, daga Faransa ko Beljiyam ta fito, in QWERTY ne, ta Najeriya, Dubai ko Amurka ce.

Irin waɗannan na'urori ba su zuwa da garanti, ba su da wakilin kamfani a kusa. In ɗaya ta mutu, gawarta ce ke raya sauran. Mai siber da ke da goma ya san cewa biyu daga ciki ma'ajiyar sassa ce. Yaron da ke share shagon da safe shi ke kallon maigidansa yana zare baret daga wannan yana sokawa a waccan, wata rana sai a ce masa ya gwada. Daga nan yake gane cewa DDR2 ba ya shiga ramin DDR3 domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, cewa ƙarar da na'ura ke yi tana ƙin tashi saƙo ne, cewa kwamfutar da ke manta kwanan wata ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo ne ya ƙare mata. Ba a makaranta aka koyar da yawancin wannan ba.

Yanayin Adar ma malami ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, a hunturu ƙura na shiga ko'ina. Fankar cikin kwamfuta na zuƙo ƙurar tana tara ta bisa ƙarfen da ke sanyaya furosesa har ta zama kamar auduga, na'urar ta yi zafi, ta rage gudu da kanta ko ta mutu tsakar aiki. Duk wanda ya riƙe kwamfutar tebur a Tawa shekara biyu dole ya koyi buɗe ta, ko ya san wanda ya iya.

Me ya sa aka daina?

Babban dalili yana cikin aljihun kowa. An fitar da iPhone a 2007, wayoyin Android a 2008, amma abin da ya sauya kasuwar Afirka shi ne wayoyi masu arha na kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno, Itel da Infinix. A gida kuma layukan waya sun faɗaɗa: Celtel ya zama Zain sannan Airtel a 2010, Orange ya shigo a 2008 ya koma Zamani bayan sayar da shi a 2019, Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom, ga kuma Moov. Abin da ke kai mutum siber, wato aika saƙo, kallon hoto, neman labari, ya dawo tafin hannu. Ga mutanen da ƴan uwansu ke ci-rani, saƙon murya na WhatsApp ya yi abin da imel bai taɓa yi ba, tunda ba ya buƙatar iya karatu ko Faransanci. Tsohuwa a Tebaram na iya jin muryar ɗanta daga Abijan ba tare da ta nemi ɗan lakwal ya karanta mata ba.

Alƙaluman duniya sun nuna haka. Cinikin kwamfutoci ya kai ƙololuwa a 2011, da kimanin miliyan 365 a shekara, ya sauko ƙasa da miliyan 260 a 2023. Wayoyin zamani kuwa sun haura biliyan ɗaya a shekara tun 2013. Tsarar da ta taso bayan 2010 ta fara sanin intanet ne ta na'urar da ba a kwancewa don nishaɗi, kuma da wuya a ga laifinta.

Dalili na biyu shi ne su kansu masu ƙera kayan sun rufe ƙofa. Tun 2008 kwamfutocin tafi-da-gidanka suka fara wuce na tebur a kasuwar duniya, kuma gasar ta koma kan wace ce ta fi siranta da rashin nauyi. Don a sami haka sai aka fara narka RAM a jikin uwar allo, aka manne batir da gam. MacBook Pro na 2012 mai allon Retina ya yi suna a wannan fanni: shafin iFixit da ke auna sauƙin gyaran kaya ya ba shi maki 1 cikin 10. A 2020 Apple ya fito da guntun M1 da ya haɗe furosesa da RAM wuri ɗaya. Sauran kamfanoni sun bi sahu, musamman a ƙananan kwamfutoci masu arha, irin waɗanda ke zuwa da RAM na gigabait 4 da ma'ajiya ta gigabait 32 ko 64 duk a narke. Irin waɗannan ne suka fi kyau a ido a kan teburin mai sayarwa, su ne kuma ba su da magani ranar da suka cika. Yadda aka saye su haka za su mutu.

Na uku, buƙatar kanta ta ragu. A 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4 saboda zafin da yake yi ya wuce misali, daga nan aka koma ƙara yawan ƙwaƙwalen cikin furosesa maimakon gudunsu. Ga mai rubuta wasiƙa a Word ko lissafi a Excel, kwamfutar 2013 mai Core i5 na yin aikin kusan kamar ta bana. Babu sauran wannan jin daɗin na ganin na'ura ta ninka gudu bayan an sake mata sashe ɗaya, wanda shi ne gishirin sha'awar tun farko. Masu wasannin bidiyo ne kaɗai suka ci gaba da tsere, su ma farashin katin hoto ya gudu ya bar su tsakanin 2020 da 2022, lokacin annobar korona da haƙar kuɗin kirifto. A ƙarshen 2025 kuma farashin RAM ya tashi sosai a duniya, bayan manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke fitarwa.

Kuran da iyakoki

Akwai kuma dalilan da suka shafi Nijar kai tsaye. Kwamfutar tebur, wadda ita ce ta fi karɓar ƙari, ita ce ta fi cin wuta kuma ba ta da batir. Da allonta takan ja wat 100 ko fiye. Batirin wayar zamani na ɗaukar kimanin wat-awa 20, ke nan wutar da kwamfutar tebur ke sha a awa ɗaya za ta cika wayoyi biyar. A ƙauyen da ke dogara da pano da batir, wannan lissafi ya isa ya yanke hukunci. Mai shagon caji a kasuwar ƙauye ya fi samun riba da jera wayoyi fiye da kunna ordinatar guda.

A cikin birnin ma kuran ba ya da tabbas. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a Nuwamban 2018, ta taimaka, amma kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A farkon Agustan shekarar aka yanke ta, ba a maido ba sai Maris na 2024. Ɗaukewar wuta ba zato na lalata diskidir, dawowarta da ƙarfi na ƙona akwatin wutar na'urar. Maganin shi ne ondilar, shi kuma batirinsa ba ya daɗewa a zafin Tawa. Ofisoshi da yawa sun zaɓi tafi-da-gidanka saboda wannan kaɗai.

Hanyoyin kaya ma sun sha toshewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe. Takunkumin CEDEAO ya sake rufe su daga 2023 zuwa Maris na 2024. Iyakar Benin kuwa Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin jerin gwano da rakiyar soja. Baret ɗin RAM ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu, amma ɗan kasuwa ba ya ɗaure kuɗinsa a kan abin da ba a tambaya. Shagon da a da ke da akwati cike da sassa yau ya cika da gilashin waya, caja da abin sauraro.

Abin da ke tafiya tare da sha'awar

Ana iya cewa babu asara: mutane sun sami na'urar da ta fi dacewa da rayuwarsu. Akwai gaskiya a nan. Sai dai kwamfuta ba ta bar aiki ba, hannun masu sha'awa kawai ta bari. Takardar haihuwa da ta aure a gidan magajin gari, rahoton wata-wata na asibitocin CSI da ke shiga tsarin DHIS2 na ma'aikatar lafiya, jerin sunayen ɗaliban da za su zana BEPC, kantunan aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana waɗanda ƴan ci-rani ke turo wa iyalansu ta nan, gidajen rediyon al'umma masu haɗa shirye-shirye, duk a kan kwamfuta suke. A Tawa in ta tsaya akwai wanda za a kira. A gari irin Tebaram, in babu wanda ya taɓa buɗe cikinta, sai a naɗe ta a zane a ba direba ya kai birni, aiki ya tsaya kwanaki, wani lokaci a kan ƙura ce kawai ko baret da ya ɗan zame daga raminsa saboda girgizar hanya.

Hazaƙar samarin ba ta ɓace ba, ta koma gyaran waya ne, wanda a wasu fuskoki ya fi wuya: ana aiki da iska mai zafi da madubin ƙara girma a kan sassan da ba su kai ƙwayar gero ba. Amma gyaran waya maido da abu ne yadda yake. Ba ya koya wa mutum zaɓen sassa, haɗa su, girka tsari, haɗa na'urori biyu su yi magana da juna, matakan da suka kai wasu yaran siber na jiya ga zama masu kula da kwamfutocin bankuna da ƙungiyoyi.

Sannan akwai shara. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, to amma tsohuwar kwamfuta na shigowa ne da sunan kayan hannu. Tsofaffin alluna masu ƙeya na ɗauke da dalma, kuma ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe na fitar da hayaƙi mai cutarwa, kamar yadda aka gani shekaru a Agbogbloshie ta birnin Akara kafin a rushe wurin a 2021. Duk na'urar da aka ƙara wa shekaru huɗu na aiki, shekaru huɗu ke nan ba ta shiga bola ba.

Abin da har yanzu ake iya yi

Abin mamaki shi ne, gyaran da ya fi kowanne tasiri ya yi arha ne daidai lokacin da mutane suka daina nema. Tsohon diskidir faifai ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai bin sa, yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa. SSD ba shi da abin da ke motsi, irin wanda ke shiga rami ɗaya da tsohon kuma yana kai megabait 500. Na'urar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi kan koma tashi cikin daƙiƙu 20 ko 30. Ga hanyoyin Adar yana da wata fa'idar: faɗuwa ko girgizar babur ba ta kashe shi yadda take kashe mai faifai, kuma ya fi ƙarancin cin batir.

Bayan SSD sai RAM. Gigabait 8 ya wadatar da aikin ofis. Kafin a saya sai an san zuriyar da na'urar ke karɓa, DDR3 ko DDR4, kuma baret ɗin tafi-da-gidanka ya fi na tebur gajarta. Mafi aminci shi ne a tafi da na'urar wurin mai sayarwa a gwada a gabansa. Sai shara: a hure ƙurar fanka aƙalla sau ɗaya bayan hunturu, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi idan ya bushe. Kafin a taɓa komai a zare waya daga bango, a cire batir in yana ciruwa, a kuma taɓa wani ƙarfe da hannu, domin a busasshiyar iskar hunturu jiki na tara wutar da ke iya kashe baret ba tare da an ga ko tartsatsi ba. Akwatin wutar kwamfutar tebur da tsohon allo mai ƙeya ba a buɗe su: suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe.

Ga mai shirin sayen ta hannu, tsofaffin na'urorin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook galibi sun fi sababbi masu sheƙi karɓar ƙari. A juya ta a duba ko bayanta da noti yake buɗewa, a tambaya ko RAM ɗin a rami yake ko a narke.

Sauran batun shi ne na Windows. Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel na zuriya ta 8 zuwa sama, wato na wajen 2017 da bayanta, kuma babu baret ko SSD da zai sauya wannan. Na'urar da ta tsaya a Windows 10 ba ta daina aiki, amma ramukan tsaron da ake ganowa ba za a riƙa toshe mata su kamar da ba, abin da ya fi zama haɗari ga wadda ke kan intanet ko ake yawan soka mata kile na mutane. Mafitar da ba ta cin ko dala ita ce Linux. Ubuntu da Linux Mint na da Faransanci, suna zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Emmabuntüs kuwa, wanda aka fara a Faransa a 2011, an yi shi ne musamman don raya tsofaffin kwamfutocin da ake ba ƙungiyar Emmaüs. A wannan shekarar ce ma wasu ɗalibai a Paris suka fara Jerry, kwamfutar da ake haɗawa da tsofaffin sassa a cikin jarkar roba, dabarar da matasa suka ɗauka a Kwaddebuwa, Benin, Togo da Chadi. Cikas ɗin Linux shi ne wasu na'urorin buga takardu da wasu manhajojin gwamnati da aka rubuta don Windows kaɗai, don haka ofis ya gwada a kan na'ura ɗaya tukuna.

Wani ƙarin da ba ya buƙatar turnabis shi ne na harshe. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a takardu za ta ƙaru, kuma allon AZERTY ba shi da su. Windows da Linux duka suna da tsarin allon Hausa da ake kunnawa daga cikin saituna, sai dai a kan jerin QWERTY aka gina su, don haka mai AZERTY zai ɗan sha ruɗani a kwanakin farko.

A Turai an fara juyowa. Ranar 1 ga Janairun 2021 Faransa ta fara tilasta manna makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a kan wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar haƙƙin gyara. Kamfanin Framework na Amurka na sayar da tafi-da-gidanka da kowane sashenta ke ciruwa, ko da yake farashinta ba na kasuwar Tawa ba ne. Abin da ofisoshin Turai ke saya yau shi ke sauka Adar bayan shekaru biyar zuwa takwas, don haka kwantenonin ƴan shekaru masu zuwa za su zo ne da na'urorin da aka ƙera a zamanin narka RAM, tare da tarin waɗanda Windows 11 ya ƙi.

Duk wanda ya sake diskidir, kada ya bar tsohon a shagon mai gyara. Goge takarda ko formate na gaggawa ba ya share abin da ke ciki, ana iya dawo da shi da manhajojin da ake samu kyauta. Na ofishin da ke riƙe sunayen marasa lafiya ko takardun jama'a, a adana shi a kulle, ko a saya masa ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiyar kwafi ta biyu, in kuma ya lalace a huda faifan da ƙusa kafin a yar.